Injin Goge Jirgin Surukina

Ni wandunan jins nake saye. Na yi shekaru ina zirga-zirga tsakanin Kano da Xintang, garin ƙetare da ake ɗinka su, ban taɓa riƙe injin da ya wuce na aski ba. Ina can sai ga kiran surukina ranar da za a rufe kwantenarmu, wajen sha ɗaya na safe.

Da ya yi ritaya ya sayi wani jirgin ruwa na faiba, yana zagayawa da baƙi a dam ɗin Tiga. Rana ta cinye jikin jirgin, in ka shafa sai fari ya biyo hannunka kamar alli. Injin goge yake so, irin wanda ake murza man sheƙi da shi.

Ya ce, "Mai ƙarfi, wanda ya fi kowanne gudu. Kar ka kawo min kayan wasa."

Na ce, "To, Baba."

Tun da na auri 'yarsa ban taɓa ba shi wata amsa ba sai wannan.

Mai sito ya ce ƙarfe huɗu mota za ta tashi zuwa tashar jiragen ruwa ta Nansha, abin da bai iso ba sai wata tafiyar. Na shiga kasuwar kayan ƙarfe ana zafi mai ɗanko, rigata ta manne a bayana. Shago biyu suka girgiza kai, suka ce meyo, wato babu. A na uku na tarar da wata mata mai furfura, tabarau na lilo a wuyanta. Na nuna mata hoton jirgin. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ɗora injuna biyu a kan tebur.

Ta waya muka yi magana, ta rubuta, wayar ta fassara. Na farko juyawa kawai yake yi da gudu, yana da nauyi. Na biyu yana juyawa yana karkarwa, aikinsa a hankali. Na nuna na farkon. Ba ta ɗauko kwali ba. Sai ta janyo wani guntun faiba daga ƙarƙashin tebur, ta ɗiga mai a kan soson injin, ta miƙo min shi.

Ina kunnawa ya fizge ni gefe. Na danne shi da ƙarfi don kar ya kuɓuce. Kafin in yi numfashi uku na ji ƙauri. Ta kashe soket. Inda na danna, fentin ya ƙone, ya bar tabo ruwan ƙasa kamar gindin kofi.

Ta rubuta: wa zai yi aiki da shi, shekarunsa nawa?

Baba ya doshi saba'in, kuma kafaɗarsa ta dama ba ta ɗaguwa sosai. Na duba agogo, biyu da rabi, ga sito da nisa. Na kira shi ta bidiyo, na haska masa tabon.

Ya ce, "Kai ne ba ka iya ba. Sayo mai ƙarfin."

Matar na kallona, ba ta jin ko kalma ɗaya.

Na ce, "Baba, ka yi haƙuri, ɗayan zan sayo. Wannan zai ɓata maka jirgi, zai kuma ji maka ciwo."

Ya ce, "Ka yi yadda ka ga dama," ya kashe.

Matar ta haɗa min da soso uku, mai kaushi da masu laushi, ta sauya kan filogin zuwa irin namu. A tasi na rungume kwalin a cinya, go-sulo ta riƙe mu kan gada, ni kuma ina ta maimaita maganar a raina. Na isa ana jan ƙofa ta biyu ta kwantenar. Sai da na roƙi masu lodi suka cusa shi saman dilar wanduna.

Har kayan suka iso Kano Baba bai ƙara tayar da zancen ba, gaisuwa kawai. Bayan mako biyu da aika masa injin na je Tiga. Na same shi a inuwa, an janyo jirgin kan tudu, gefe ɗaya na ƙyalli har ina ganin ƙafafuna a ciki. Na durƙusa na gaishe shi.

Ya ce, "Abin nan naka ba ya sauri. Kwana uku ina gefe ɗaya."

Ya miƙo min injin, ya nuna min ɗaya gefen, ya koma kujerarsa, na kama aiki yana gaya min inda na tsallake.