Gayyar da Na Kashe

Kakan mahaifina ya ƙone mutane a cikin rumbunansu. Gara in fara da wannan, domin a gidanmu ba a taɓa ɓoye shi ba, tinƙaho ma ake yi da shi. Tun kafin zuwan Nasara aka tura shi wani ƙauye tsakanin Karaye da Rogo da ya ƙi ba da hatsi. Mata da tsofaffi suka ɓuya a cikin rumbuna, shi kuma ya sa aka cinna wuta. Waɗanda suka tsira ya mai da su bayi, ya zaunar da su a gefe, wurin da har yau ake kira rinji. Gonakinsu kuma ya haɗe su suka zama gandun gidanmu.

An daɗe da daina bauta, amma abu ɗaya ya rage. Duk damina, lokacin noman farko, mazan rinji sukan fito mana gayya ta yini guda, ba ko sisi, sai fura da tuwo. Makaɗi yana bin su da gangar noma yana yi mana kirari: jikokin mai wuta, wanda ya ci gari da hantsi. Ina yaro na taka rawa da wannan kiɗa har na gaji, kuma ba zan yi ƙaryar cewa ban san ma'anarsa ba. Na sani sarai, daɗi ma nake ji.

A tsakiyar gandun akwai wani ɗan tudu da tsamiya guda, nan ne kufan ƙauyen. Fartanya ba ta taɓa shi. Idan rana ta take, 'yan gayya sukan ɗauki furarsu su hau can su zauna, makaɗi ya ajiye ganga. Mu 'yan gida ba ma zuwa. Ni a zatona inuwa suke bi.

Mahaifina ya rasu ina koyarwa a wata firamare a Rogo, lokacin Rogo tana ƙarƙashin Karaye. Gandu ya faɗo hannuna, kuma kowa ya san idan baffana dagaci ya kau, ni za a naɗa wa rawani. A gayyar farko da na tsaya a matsayin maigida, sai ga wani malami da muke koyarwa tare, ɗan wani tsoho da ke shugabantar rinji. Mutumin nan ya fi ni ilimi nesa ba kusa ba, shi yake gyara mini lissafi kafin in shiga aji. Ya zo da fartanya a kafaɗa, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa a gabana ya ce, "Ranka ya daɗe, mun zo aiki." Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ranar Litinin muka haɗu a makaranta, ya miƙo mini hannu kamar ba a yi komai ba, ni kuwa na kasa haɗa ido da shi.

Na je na sami baffa a zaure. Bayan gaisuwa na ce, "Baffa, gayyar nan ta ishe ni. Bana ce ta ƙarshe."

Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Kai ka ƙone su?"

Na ce a'a.

"Ubanka ne?"

Na ce a'a.

Ya ce, "To, kai da kake malami, ba ka san wani ba ya ɗaukar zunubin wani ba? Wanda ya yi yana gaban Ubangijinsa. Bokon nan dai ya cika muku kai da iska."

Na ce, "Allah ya taimake ka, zunubinsa nasa ne, ban yi musu ba. Amma tuwon da na ci jiya daga gonar da ya ƙwace ya fito. Kirarinsa muna karɓa, gonarsa muna ci, sai an zo kan laifi mu ce ba ruwanmu? Ai kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski."

Baffa ya ce in tashi in ba shi wuri. Na tashi, raina fes. Bayan sallar Juma'a na miƙe a ƙofar masallaci na sanar da cewa daga yau babu gayyar gandu, kowa ya noma gonarsa. Na koma Rogo a kan kekena ina jin kaina wani gwarzo. Ban je rinji na tambayi kowa ba, abin ma bai zo mini a rai ba.

Da damina ta zagayo, baffa ya ce tunda na kori masu fartanya, sai a kawo tarakta ta yi huɗa, a zuba masara irin ta zamani. Na ce madalla, ina can ina fama da jarrabawar yara. Direban baƙo ne, babu wanda ya gaya masa komai. Ya ga tudu a tsakiyar gona, ya bi ta kansa har gindin tsamiya. Garin neman gira aka rasa ido.

Bayan 'yan makonni, ranar kasuwa, tsohon rinji ya zo makaranta. Ya tsaya a bakin aji da sandarsa, bai yi sallama ba. Na fito da sauri na ce, "Baba, sannu da zuwa, bari a kawo kujera." Bai kula kujerar ba. Ya kwance bakin rigarsa ya zuba mini abin da ke ciki a hannu: ƙonanniyar ƙasa ja, gutsuren tukunya, da dawa baƙa ƙirin da ta dunƙule ta zama gawayi.

Ya ce, "Akwai abin da na tsinta wanda ba a kawo shi kasuwa. Na mayar na rufe."

Na dubi abin da ke hannuna. Na ce, "Baba, wallahi alheri na nufa. 'Yanta ku na yi."

Ya ce, "Wa ya aike ka? Kana tsammanin don gonarku muke zuwa? Kakata tana ƙarƙashin tsamiyar nan, da 'ya'yanta biyu. Rana ɗaya muke da ita a shekara da za mu shiga mu zauna da su ba a ce mun yi kutse ba, noman kuma shi ne kuɗin shiga. Ka tashi a masallaci ka yanke hukunci a kanmu, ba ka tako ka ji ta bakinmu ba. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe."

Ban taɓa jin maganar da ta ƙona ni kamar wannan ba. Haushi ya fara kama ni, domin ni da na yi faɗa da baffana saboda su, yau ni ake haɗawa da mai wuta. Amma ƙasar tana hannuna, kuma ni na ce madalla da tarakta. Na ce, "Baba, ka yafe mini."

Ya ce, "Na huɗar na yafe, kuskure ne. Na wutar kuwa kada ka tambaye ni, masu yafewa suna ƙarƙashin ƙasa. Kada kuma ka zo mana da kuka, ba mu da lokacin rarrashinka."

Na ce to me zan yi. Ya ce, "Yanzu ka yi tambaya. Ka ba mu hanya, ka fitar da tudun daga gonarka, sannan ka bar mu."

Asabar ta gaba na kira liman da mai unguwa su zama shaida. Masara ta kai gwiwa, kore shar, abin sha'awa. Na ɗauki fartanya da hannuna na sare ta tun daga bakin rinji har tudun, faɗin da mutum biyu za su wuce da kaya. Na bar wa tsoho ya auna iyakar kufan da ƙafarsa, inda ya tsaya nan na kafa aduruku. Ya ci gona fiye da yadda na zata, na bar masa. Na rubuta takarda cewa wurin ya fita daga rabona na gado, shaidu suka dangwala.

Gidanmu ya ɗauki zafi. 'Yan uwa suka ce na zubar da mutuncin gida, na amsa laifin da ba wanda ya kai mu ƙara a kansa. Wata gwaggona ta ce asiri aka yi mini a rinji. Na ce mata in dai asiri ne, to ya makara da shekara ɗari. Baffa ya daina amsa gaisuwata, ya fara tura ɗansa wajen hakimi a Karaye a madadina, kowa kuma ya gane inda rawani ya nufa. Ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba. Tun ina ƙarami nake hango kaina a zauren nan. Amma in aka ce in koma in tumɓuke adurukun in sami rawani, sai in ce su riƙe abinsu.

Masu cewa wauta na yi suna nan har yau, kuma hujjarsu ɗaya ce, wai ba ni na yi ba. Gaskiya ne, ban riƙe wuta ba, kuma ba na tsammanin za a tambaye ni ita ranar gobe. Abin da za a tambaye ni shi ne abin da na tarar a hannuna da yadda na yi da shi. Ban mayar da gandun duka ba ma, ina da iyali, kuma ba nawa ba ne ni kaɗai. Wannan ma ba na yabon kaina a kai.

Shekara huɗu bayan haka tsohon ya rasu, ya bar wasiyya a binne shi a kan tudun. Da hantsi baffa ya aiko a kira ni, karo na farko tun rigimar. Na durƙusa na gaishe shi, bai amsa ba, sai ya ce, "Ka je ka hana su. Muddin aka sa gawa a wurin nan ya zama maƙabarta, ko jikanka ba zai iya dawo da shi ba. Ka hana su, mu manta da abin da ya wuce, maganar rawani ma a sake dubawa."

Na ce, "Baffa, ai akwai gawa a wurin tun kafin a haife ka."

Ya ce, "Fita."

Daga zauren na wuce rinji. Aka yi salla, na tsaya a sahun baya, babu wanda ya matsa mini in shiga gaba kamar yadda aka saba yi wa 'yan gidanmu. Aka ɗauki makara aka bi ta hanyar nan, dawa ta rufe mu hagu da dama. A kan tudun ƙasa ta yi tauri saboda saiwar tsamiya, masu haƙa suna karɓa-karɓa, gumi yana zuba. Na naɗe hannun riga na miƙa hannu zan karɓi diga. Abokin aikina, ɗan mamacin, ya riƙe ƙotar bai saki ba. Ya dube ni, ba da faɗa ba, ya ce, "Malam, bari. Wannan namu ne."

Na saki, na ja da baya na tsaya a wajen aduruku har suka gama.