Shafin da Ban Karanta wa Kawu Ba

Ƙarfe tara da minti ashirin na safe Kawu ya karɓe littafin daga hannuna ya rufe. Na riƙe lokacin ne domin agogon gaban motar nake kallo, tunda ba na iya kallon fuskarsa.

Kawu ƙanen mahaifiyata ne, direban wani injiniya Bature a aikin madatsar ruwan Bakolori. Ni kuwa ina makarantar kwana, na zo hutu gidansa a Talata Mafara. Ranar an aike shi Bakura da takardu, ya ce in shirya ya sauke ni wurin Gwaggona da ke aure a can.

Motar sabuwa ce. A gefen sitiyarinta akwai wani siririn ƙarfe da Kawu bai san aikinsa ba. Littafin motar da Turanci yake, shi kuwa allo ya yi, don haka kafin mu tashi ya miƙo mini. Na karanta ina fassara masa: in mota ta kai gudun da kake so, ka tura ƙarfen sama ka ɗage ƙafa daga totur, za ta riƙe gudun da kanta. In ka taka birki sai ta saki.

"Ya isa, 'yar boko," in ji shi. "Tun ba a haife ki ba nike tuƙi."

Saura shafi guda. Na riga na karanta shi sau biyu a zuci, kamar yadda nake yi wa kowace takarda. Cewa ya yi ko an taka birki motar ba ta manta gudun ba, da an jawo ƙarfen baya za ta koma masa. Amma a gidanmu yarinya ba ta ƙara magana bayan babba ya ce ya isa.

Da muka hau kwalta ya tura ƙarfen, ya ɗage ƙafa. Motar ta ci gaba da tafiya.

"Kin ga aljanin Bature?" Yana dariya. Ni hannunsa kawai nake bi da ido, ina shirya maganar a baki ina haɗiyewa.

Kafin mararrabar Bakura muka cim ma wani ayari, mutanen wajen Maradun da ruwan madatsar ya ci gonakinsu. Jakuna ɗauke da azara da buhuna, mata da ƙore a ka, sun cika rabin hanya. Kawu ya taka birki, muka koma tafiyar ƙafa. Sai na ga hannunsa ya nufi ƙarfen. A tsohuwar motar da ya saba da ita, a daidai nan abin hon yake.

"Kawu," na ce. Ni kaina da ƙyar na ji muryata.

Ya jawo. Motar ta yi gurnani ta zabura. Kujera ta buge bayana, jakin gaba ya cika gilas, wata mata ta fizge ɗiyarta gefe. Kawu ya danne birki da ƙafa biyu. Muka tsaya bayan azara ta fasa fitilar dama, buhun dawa ya tsage a kan kwalta.

Ba wanda ya ji ciwo. Mai jakin, wani dattijo, ya leƙo ta taga.

"Gonar kun cinye. Jakin ma kuna so?"

Kawu ya fita ya durƙusa yana ba da haƙuri, muka taya su kwashe dawar da hannu.

Da muka koma mota bai tayar ba. Na buɗe littafin, na karanta masa shafin har ƙarshe.

"Tun ɗazu kin san wannan?"

"E, Kawu."

Ya dubi gilasan fitilar a ƙasa. Ban taɓa yi wa babba tambaya irin wannan ba, amma na yi.

"Da na faɗa, da ka saurara?"

"Da na yi miki tsawa," ya ce. "Amma da hannuna ya tuna. Gobe ki faɗa, ɗiyata, ko an ce ya isa."