Hannun Kaka Ba Ya Jin Wuta

Duk sanda na ji ƙanshin man gyaɗa a tanda, sai kakata ta Wurma ta faɗo mini a rai. Mai waina ce, kuma da abu ɗaya aka san ta: ba ta juya waina da tsinke, da yatsu take juyawa. Garwashi ya faɗo daga murhu, ta sa hannu ta mayar tana hirarta.

Ka san yara, har fariya muke, wai Kaka ta sha maganin wuta tun tana budurwa. Ita ma ba ta taɓa ƙaryatawa ba, dariya kawai take. Amma da damina sai ta zauna bakin ɗaki tana yarfe hannu.

"Ke 'yar nan, zo ki duba mini, kiyashi ne ke bin tafina?"

In duba, ba komai.

"Sanyi ne, Inna," in ji babanmu, ya sa a dafa ruwa a gasa mata. Ruwan da za a fige kaza da shi, ta tsoma hannu ta ce bai yi zafi ba, a ƙara wuta. Muka ƙara kuwa. Kaico! Da kanmu muka dafa mata hannu. Ƙunar ta ƙi warkewa har ta ruɓe. Da aka kai ta asibiti a Kurfi aka ce ciwon suga ne ya cinye jijiyoyin, kuma an makara. Yatsu uku aka yanke, ba ta sake ɗora tanda ba har ta koma ga Allah.

Yau ga ni a Dutsin-ma, da ɗinki nake ci da 'ya'yana. Bara allura ta fara suɓuce mini. Na so a ce mini aiki ne ya danne jijiyar wuyan hannu, ko ƙarancin jini, irin waɗanda ake warkewa. Likita ya duba takarda ya ce, "Hajiya, suga ne, kuma ya daɗe. Za mu tsare abin da ya rage, amma jijiyar da ta mutu da wuya ta dawo."

Ina shan magani, amma wallahi tsoro nake ji. Shekaranjiya autana ya kwanta ba lafiya. Na ɗora tafina a goshinsa, na juya bayan hannu, na sake ɗorawa, ban ji komai ba. Sai da na leƙa katanga na kira maƙwabciya ta zo ta taɓa mini ɗana, ta faɗa mini ko da zazzaɓi.