Hannun da Husaina ta ɓoye wa Tala

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Juma'a 19 ga Maris 1993, cikin goman ƙarshe na azumi, Allah ya karɓi ran ƙawata Tala a nan Cadawa, bayan kwana talatin da uku tana kwance da karyayyen ƙugu.

Tala, kuturta ta ci miki yatsu shida tun kina budurwa. Likita ya ce kin warke, mutanen gari suka ce su ba su ji ba. Amma ranar kasuwa gabanki suke jibge kayansu, ki tsare har la'asar, ko allura ba ta ɓata. Kina kirana Mai-baki-kamar-reza, ina kiranki Sarauniyar Dungu, mu sha fura a ƙwarya ɗaya, jikokina na leƙe.

Ranar zaɓen 'yan majalisa kika yi kwalliya, kika ce, "Yaya, an ce yanzu kowa mutum ne, mu je mu gani." A lakol, makarantar boko, aka yi zaɓen, dakalin ƙofar ajin ya kusa kai gwiwa. Husaina, shugabar matan jam'iyya, na tsaye tana kama hannun kowace tsohuwa tana hayar da ita. Ni ma ta ja ni, har da "Sannu Inna." Da kika miƙa naki, sai ta cusa hannuwanta cikin mayafi, ta hau kallon rufin kwano. Kika dafa bango da dungu, ya zame. Na ji ƙarar ƙashin da kunnena. Ko ƙuri'ar ba ki jefa ba.

Jiya Husaina ta zo gaisuwa da ƙwaryar gumba, tana matsar ido, wai tsautsayi ne. Na ce, "Ɗiyata, tsautsayin ma mayafi gare shi?" Gumbar kuwa, kaji na ba. Ke kin yafe kafin ki cika, ni ban yafe ba. Kowane gidan suna, kowane gidan biki, sai na ba da labarin nan da sunanta da na ubanta.

Allah ya jiƙanki, ya haskaka kabarinki, ya mayar miki da yatsunki goma a Aljanna. Ɗanki Bakari da 'ya'yansa, Allah ya ba su haƙuri. Ita kuwa Husaina, ba na roƙa mata mutuwa. Allah ya ja kwananta, ya ja, ya ja, har gwiwoyinta su gaji a gaban jama'a. Amin.