Saniyar Sadakin Matata

Gandun shanun da ke gefen hanyar Argungu, in ka baro Birnin Kebbi, ya yi iyayengiji uku a kan idona. Na farko wani Alhaji ne dillalin shinkafa, wanda ya bi gonakin mutane yana saye ɗaya bayan ɗaya, har ya haɗa da burtalin Fulani. Duk da haka muna ganin kirkinsa, domin kowa a unguwarmu ta Nasarawa yana iya kai masa dabba amana. Shanunsa ana tsaga musu kunnen hagu, na amana kuwa a bar kunnuwansu lafiya. Iyakar shaidar ke nan.

Ni saniya na bayar sadaki. Littattafan soyayyar da nake haya a kasuwa ne suka sa mini a rai cewa ƙauna sai da abu mai rai. Amaryata ta yi dariya har da ƙwalla.

"Malam, ɗaki guda gare mu. Ina za ta kwana, bisa gado?"

Muka kai ta gandu. Fara ce, mai baƙin tabo a wuya. Ranar Juma'a mukan hau babur mu kai mata dusa da kanwa.

Wata damina matata ta rasu. Iyayenta suka yafe mini rabonsu a saniyar. Ba ni da ɗa, ba ni da hotonta mai kyau. Ina zuwa in zauna gindin marke, in ga kamar idon saniyar nan yana neman wadda ba ta zo ba.

Da Alhaji ya rasu, babban ɗansa ya kawo sababbin makiyaya. Suka ga kunnuwa babu tsaga, suka ɗauka mantuwa aka yi, suka bi su da wuƙa. Ba a daɗe ba ɗan Alhajin ya sayar wa wani mazaunin Abuja da gandun, haɗe da duk dabba mai tsagaggen kunne.

Na iske sabon maigadi a bakin ƙofa, na nuna masa ita daga nesa.

"Baba, diba kunnenta hwa. Ta maigida ce."

"Tsohon makiyayi ya san ta."

"Wanga ya tahi Nijar tun bara. Wa za shi shaide ka?"

Babu kowa. Waɗanda muka kai amana tare sun haƙura, sun ce ai dabba ce. Na ci gaba da tsayawa a bakin hanya ina hangen garken da yamma, har aka kawo bulo aka zagaye gandun da doguwar katanga. Yanzu ban ma san ko tana da rai ba.