Jan Farce a Kan Tagulla

Shekarar da na gama makarantar horon malamai, yayana yana ajin ƙarshe a makarantar koyon aikin lantarki a Bukuru. Babanmu tela ne a unguwar Ali Kazaure, kuma ya riga ya faɗa masa: in bai ci jarrabawa ba, ga ɗaya keken ɗinkin nan yana jiransa.

Jarrabawar ita ce kowa ya haɗa rediyo a kan wani ɗan allo mai fuskar tagulla, kuma allo ɗaya tak aka ba shi. Ana zana hanyoyin wuta a kai da jan farce, a tsoma allon cikin wani ruwa mai cin ƙarfe, tagullar ta narke sai inda jan farcen ya rufe. In hanya biyu suka taɓa juna, aiki ya lalace. Jan farcen nawa ne, hannun ma nawa ya ara, don nasa rawa yake yi.

Muka zauna a tsakar gida da hantsi, da takarda mai gida-gida, don mu fara gwadawa da fensir. Ya koya mini dabarar: daga inda hanya za ta tashi, in rubuta ɗaya a gidajen da ke maƙwabtaka, biyu a na gaba da su, har lambobin su iso inda za ta sauka. Sai in biyo su da baya. Ya ce a ƙasashen waje kwamfuta ke wannan aiki, a kan ɗan guntun allon da bai kai farcena ba. Ni dai kududdufin haƙar kuza nake gani in an jefa masa dutse, da'ira tana korar da'ira.

Hanyar farko ta fito sambal ta tsakiya, na yi ta kallonta. Sauran suka raɓa ta gefenta. Da muka zo ta ƙarshe, lambobin suka tsaya a lungu, ko'ina a toshe.

Na ce, "Yaya, ta maƙale."

"Malama, sake ƙirgawa. Ke dai waƙa kika iya."

"Ba ƙofa fa, Injiniya. Ko in je in goge maka keken Baba?"

Bai yi dariya ba. Ya daɗe yana duban takardar, sannan ya ɗora yatsa a kan hanyar farko. "Wannan 'yar lelen taki ce ta raba gari biyu. Share ta."

Na share, ba don raina ya so ba. Muka fara ba wa ta ƙarshen wuri, ta farkon kuwa ta zagaya ta bakin allo, doguwa, karkatacciya. Sai a lokacin na buɗe kwalbar jan farce.

Ranar da yayana ya dawo da rediyon da labarin cewa ya ci jarrabawar, Baba yana kan ɗinki. Da aka kunna rediyon, Baba ya tsayar da ƙafa, ya saurari labarai har ƙarshe, ya ce, "Rage ƙarar," ya ci gaba da aikinsa. Da la'asar ya sa aka mayar da ɗaya keken cikin ɗaki, aka lulluɓe shi da zane.