Sailuba da Naman Kaza Marar Ƙashi

Faɗan da muka yi da Sailuba a kan naman kaza ne, kuma har muka gama ba kaza ɗaya muke nufi ba.

Ta faɗo gidana ko sallama ba ta ƙarasa ba. "Barira, yarinyar nan Radiya za ta kashe min yaya! Likita ya hana shi nama, ita kuwa kullum naman kaza take ɗura masa."

Na ce, "Kin ga ƙashi a kwanon?"

Ta ce dama ta san ni, bayan 'yan boko nake. Kwana uku ba ta gaishe ni ba.

A unguwar Limancin Kona aka haifi Sailuba, katanga ɗaya ta raba gidanmu da nasu. Aure biyu ta yi, Allah bai ba ta haihuwa ba, ta dawo gidan ubanta da tukwanenta. Hannun girki kuwa an ba ta. A zamaninta, bikin da ba ita ta kaɗa miyar taushe ba, mata sukan ci su tashi suna yatsina. Ni ma ina girki, amma ba a taɓa aiko min goro saboda miyata ba, kuma ban manta ba. Da matar wanta Malam Aƙilu ta rasu, ita ta karɓi girkinsa. Shekara goma sha tara, azahar ba ta yi sai kwanonta na gabansa. Ba ta da ɗa, ba ta da miji, wannan kwanon shi ne nata.

Sai hawan jini ya kama Malam. Aka hana shi jan nama, aka ce a rage gishiri da dunƙule. Sailuba ta yi miya lami, ya yi loma biyu ya ture. Wata guda, wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

Radiya matar ɗansa ce, tana aikin ofis a unguwar Kongo, nan Zazzau. Wanta mai fatauci zuwa Caina ya kawo mata wani busasshen abu a leda, baƙi-baƙi, a takure kamar kunnen tsohuwar akuya. Ashe irin laimar kwaɗin nan ce mai fitowa a jikin itace, wadda ake ce wa naman kaza, sai dai wannan nomanta ake yi don ci. Ta jiƙa, ta yanka a miyar alayyafo. Malam ya cinye har ya suɗe hannu. Likitan ya ce ba magani ba ne, kada ya bar ƙwayoyinsa, amma abin ba shi da kitse, kuma yana ba miya ɗanɗano ba sai an zuba gishiri ba.

Da Sailuba ta gane ko mene ne, ta tsaya a tsakar gida. "Me kika ce sunansa?"

"Shitake, Gwaggo."

"Ai kuwa a take shi ya kamata. Gidan malamai guda, a ci abin da kwaɗo ke fakewa a ƙarƙashinsa! In ya shiga tukunyata, ku canja min suna."

Kwanonta ya ci gaba da dawowa a cike. Tana jin ƙarar cokali daga ɗakin Malam a kwanon wata, sai ta hau shara inda ta riga ta share. Ta rame ta fi mai ciwon.

Ran nan ta zo gidana tana kallon gefe. "Ki roƙo min abin nan kaɗan wajen Radiya. Ki ce ke za ki ci."

Na roƙo, har da yadda ake yi: a jiƙa a ruwan ɗumi har ya saki, a cire sandar don tauri, kada a zubar da ruwan jiƙon, a nan daɗin yake, a kuma dafa shi ya nuna sosai, in ba haka ba yakan sa wasu ƙaiƙayi. Sailuba ta saurara tana taɓe baki. Ta je ta ƙara abin da Radiya ba ta sani ba: daddawar Zazzau 'yar kaɗan, citta, da kabewa.

Ta kai masa da kanta. Ya cinye tas, ya jingina da bango ya ce, "Sailuba, ki yi wa Radiya godiya. Yau ta fi kullum."

Ta ce, "To, Yaya."

Wata biyu ke nan tana dafawa, yana sa wa Radiya albarka. Radiya ta so ta faɗa masa, Sailuba ta rantse in ta buɗe baki sun raba gari, don duk gidan sun ji abin da ta ce game da tukunyarta. Malam ya murmure, har yana takawa masallaci.

Shekaranjiya na same ta a bakin murhu tana juya miya tana share ido da gefen zane. Wai yanzu Malam ya aiko a gaya wa Radiya ta koya wa Gwaggonta miyar.

Na ce, "Sailuba, yunwarsa ce ta dame ki ko sunanki? In sunan ne, tashi mu je ki faɗa masa da bakinki. In ba za ki iya ba, miƙo min ludayin nan, tun daga gidana ƙamshin ya hana ni zama."